Lokacin da gani ya daina korar ji

Wata safiya cikin hunturu, irin sanyin Jos ɗin nan da mutum kan rungumi kofin shayi don tafin hannunsa ya ji ɗumi kafin cikinsa, muna zaune a teburin mai shayinmu a wani lungu bayan titin Bauchi. Sai wani matashi ya miƙe zumbur, waya a hannu, ya ce: "An fara a Farin Gada."

A wani garin sai a tambaye shi me aka fara. A Jos ba a tambaya. Mai shayi ya soma tattara gwangwanayen madara, wani magidanci ya aje burodinsa ya ce bari ya je ya kwaso yara daga makaranta, wayar kuma tana ta yawo daga hannu zuwa hannu: hayaƙi, mutane na gudu, wata murya na salati. Duka bidiyon bai wuce daƙiƙa ashirin ba. Wani dattijo mai Keke Napep da ke ƙarshen benci bai ko miƙa hannu ya karɓa ba. Ya laluba aljihu ya ciro 'yar wayarsa mai tocila, ya kira wata mata Kirista da yake ɗaukar wa kabeji da karas kullum safiya daga kasuwar Farin Gadan.

"Mama, ina kwana? Lafiya kuwa wajenku?"

"Lafiya lau, Baba. Kai nake jira tun ɗazu, kaya na nan a ƙasa."

Ya kashe wayar, ya shanye shayinsa, ya biya, ya tafi aikinsa.

Bidiyon ba na bogi ba ne. An yi abin, an ɗauka, amma a wani gari kuma a wata shekara. Abin da ya tsaya mini a rai tun ranar shi ne, mu goma sha da ke wurin, masu manyan wayoyi, duk mun gani da idonmu kuma duk mun ɓata hanya. Shi da ya ji da kunne daga bakin mutum guda da ya sani, shi ya dace. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to amma sun faɗi haka ne a zamanin da sai ka taka da ƙafarka ka je wuri sannan ka gani. Yanzu ganin ma kawo maka shi ake yi har kan gado, kuma ba ka san wanda ya zaɓo maka shi ba.

Mutane da yawa ba su lura cewa wayar salula da rikicin Jos sa'annin juna ne ba. A watan Agustan 2001 kamfanonin Econet da MTN suka fara sayar da layi a Najeriya, lokacin da layi ɗaya kan kai naira 20,000 ko fiye, mai waya kuma abin kallo ne a unguwa. Ranar Juma'a 7 ga Satumba na shekarar garin nan ya kama da wuta. A Fabrairun 2002 babbar kasuwar Terminus ta ƙone, wurin da Bahaushe da Birom da Ibo da Bayarabe ke gogar kafaɗar juna daga safe zuwa magariba. Aka sake yi a Nuwamban 2008 bayan zaɓen ƙaramar hukumar Jos ta Arewa, aka kuma yi a Janairun 2010. Duk lokacin da ƙura ta lafa sai ka ga motocin kwasar kaya: wannan ya sayar da gidansa ya koma cikin 'yan uwansa, wancan ma haka. Musulmi suka dunƙule a su Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos da Ali Kazaure, Kiristoci a su Unguwar Rukuba, Jenta da Kabong.

Yau akwai saurayi ɗan shekara 25 a Unguwar Rogo da bai taɓa cin abincin Kirsimeti a gidan kowa ba, akwai tsaransa a Kabong da bai taɓa zama a zauren Bahaushe ba. Iyayensu kuwa aji ɗaya suka yi, ƙwallo ɗaya suka buga. To idan ba ka shiga unguwar mutum, ba ka sha ruwan gidansa, daga ina za ka san abin da yake tunani a kanka? Daga waya. Ita ce tagar da muke leƙa unguwannin da muka daina shiga. Saboda haka tambayar wa ke riƙe da labulen tagar nan, a wurinmu mutanen Jos, ba ta 'yan boko ba ce. Tambaya ce ta ko yaro zai je makaranta gobe ko ba zai je ba.

Kafin waya, labari a majalisa yake sauka, majalisa kuma tana da dokokinta ko da ba a rubuce suke ba. Labari yana da fuska. Ka kawo magana, tambayar farko ita ce: wa ya faɗa maka? Idan ka ce wane, sai a auna wanen. Kowace unguwa tana da mutumin da idan ya ce gari ya waye sai an leƙa waje, kuma shi kansa ya san matsayinsa. Ga dattijo a gefe da zai ce "kai, bar maganar nan," a bar ta. Duk wanda ya zauna gaban malami ya san wannan tsari da wani suna, wato isnadi: ba a karɓar magana sai an san sarƙar waɗanda suka ɗauko ta. Rediyo ma da ya zo, kan wannan turba ya hau. Sashen Hausa na BBC tun 1957 yake magana, kuma da mutum ya ce "a BBC na ji" gardama ta ƙare, domin an san gidan da za a kama idan ƙarya ce.

Abin da waya ta yi shi ne ta ɗauko majalisar ta zuba a aljihu, ta bar dokokin a kan benci.

A ɗauki Facebook, wanda har yanzu shi ne babban dandalin Bahaushe. Mutane suna zaton abin da abokansu suka rubuta ne ke zuwa musu bi da bi. Ba haka abin yake ba. Akwai na'ura a tsakani da ke tace dubban rubuce-rubuce ta zaɓo kaɗan, kuma ma'auninta guda ne: wanne ne zai sa ka tsaya, ka danna, ka mayar da martani? Kamfanin da talla yake cin abinci, talla kuma sai ido ya daɗe a kan allo. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar kamfanin, Frances Haugen, ta fito da takardun cikin gida, a ciki aka ga cewa daga 2017 na'urar tana ba alamomin motsin rai, har da jar fuskar nan ta fushi, maki biyar, alhali babban yatsan nuna so maki ɗaya ne. Daga baya sun rage wa fushin nauyi, amma asalin cinikin bai sauya ba. TikTok ma bai damu da wa kake bi ba. Daƙiƙoƙin da ka yi kana kallo yake ƙirgawa, ko kallon sha'awa ne ko na takaici, duk ɗaya ne a wurinsa.

Ga yadda abin yake fassaruwa a Jos. Mutum dubu sun tashi a Kabong, sun yi addu'arsu, sun fita neman abinci, ba wanda ya ji ɗuriyarsu. Mutum ɗaya ya zauna ya zagi addinin wasu. Shi kaɗai ne zai iso Unguwar Rogo, kuma mu ne 'yan dakonsa: wannan ya ɗauki hoton rubutun ya ce "ku ga abin da suke faɗa," wancan ya yaɗa don a tsine masa, na'ura ta ga ana tururuwa ta ƙara tura shi gaba. Haka namu wawan yake isa can, shi ma a matsayin kakakinmu duka. Kowane ɓangare mahaukacin ɗayan yake kallo ta taga, yana cewa ga halinsu nan.

Inda abin ya kai maƙura, a watan Yunin 2018 ne. An kai hare-hare a ƙauyukan yankin Gashish na ƙaramar hukumar Barikin Ladi, an kashe mutane da yawa, wannan gaskiya ce ba ƙage ba. Amma hotunan da suka cika Facebook a ranakun ba duka na wurin ba ne. Binciken da BBC ta fitar a watan Nuwamban shekarar ya gano cewa hoton wani jariri da aka sassara ya riga ya yi watanni yana yawo kafin harin, wani bidiyo mai tayar da hankali kuma a Kongo Brazabil aka ɗauke shi tun 2012. Ranar 24 ga Yuni matasa suka tare hanya, aka fito da matafiya 11 daga motoci aka kashe, mutanen da ba su san hawa ba balle sauka. A cewar binciken, mutum huɗu kacal ne ke aikin tantance labarai na cikakken lokaci a madadin Facebook a Najeriya, ga masu amfani da shi miliyan 24. A cikin waɗannan ranakun ne kuma Liman Abubakar Abdullahi na ƙauyen Nghar ya ɓoye mutum 262, akasarinsu Kiristoci, a masallacinsa da gidansa, ya tsaya a ƙofa yana roƙon maharan. Gwamnatin Amurka ta karrama shi a 2019. Labarinsa sai da ya yi kwanaki kafin ya zagaya gari. Hoton jaririn kuwa awa kaɗan ya ɗauka.

WhatsApp kuma nasa salon daban ne, kuma ni a ganina ya fi shiga jiki. A can babu na'urar da ke zaɓa maka. Yayarka ce, kawunka ne, limamin unguwarku ne. Tun 2016 saƙonnin a kulle suke, kamfanin kansa ba ya iya karantawa, balle ya ce wannan ƙarya ce. Sannan ga saƙon murya, wanda shi ne ainihin abin da ya buɗe wa Bahaushe intanet. Tsohuwar da ba ta taɓa riƙe biro ba yanzu tana aika gaisuwa Makka da Legas, tana sauraron jikokinta, tana jin wa'azi tana tsince shinkafa. Wannan alheri ne babba, kada wani ɗan boko ya raina shi. Sai dai ƙofar da alherin ya shigo, ta nan "wani likita ya ce" da "wani babban soja ya tsegunta mana" suke shigowa, murya ba suna, ba gari, ba rana. Idan na tambayi Innata inda ta samo wani labari, amsarta ɗaya ce: "A guruf ɗin gida aka turo, ƙanwar babanka ce ma ta turo." A wurinta isnadi ya cika, tunda ta san wadda ta miƙo mata. Mutum ɗari da ke bayan gwaggon tawa, waɗanda ba wanda ya san ko su wane ne, ba sa cikin lissafi.

Wanda ya kai shekaru zai tuna daren gishiri. A watan Agustan 2014, ana tsakiyar fargabar Ebola, wayoyi suka dinga ruri kafin asuba: a tashi a yi wanka da ruwan zafi da gishiri, a kuma sha. Ba maƙiyi ne ya tashe ka ba, wanda ya fi ƙaunarka ne. Jaridu sun ruwaito mutum biyu sun rasu a nan Filato, wasu da dama sun kwanta asibiti. A 2019 WhatsApp ya taƙaita tura saƙo zuwa wuri biyar a lokaci guda. Ya rage gudu, amma mai guruf goma sai ya tura sau biyu.

Sai maganar kuɗi, wadda ita ce ba a cika yi a majalisa ba, alhali ruwa ba ya tsami banza. YouTube yana fara raba kuɗin talla da mai tasha idan ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo. X, wato tsohon Twitter, ya fara biyan masu jan jama'a a 2023, Facebook kuma ya buɗe wa 'yan Najeriya wannan ƙofa a 2024. Da dala ake lissafin. Ka tuna kuma a watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, kafin shekara ta zagayo ta haura 1,500. Matashin da ya gama jami'a yana zaune ba aiki, ya ga tsaransa ya sayi mota da surutu a gaban kyamara, me kake tsammani zai yi? Faɗa ya zama sana'a. Biyu za su shirya a ɗaki ɗaya, su fito su yi ta zage-zage mako guda, mu raba kanmu gida biyu muna tare musu faɗa da datarmu, ranar Juma'a a yi sulhu a gaban kyamara, shi ma sulhun a ci kuɗinsa. Karatun malami na awa biyu, wani yaro zai yanko daƙiƙa arba'in da ta fi zafi, ya ɗora mata take mai tsokana, ya aika wa almajiran wani malamin. Kafin malaman biyu su san abin da ake ciki an riga an buɗe fagen raddi, yaron kuma ba ruwansa da wanda ke da gaskiya a mas'alar.

Ba duka ne ɓarna ba. Harkar fim ɗin Hausa, wadda Jos ke da tsohon hannu a cikinta tunda nan ne mazaunin Hukumar Fina-finai ta Najeriya da makarantarta, ta kusa shiɗewa lokacin da kasuwar faifai ta mutu. Daga kaset aka koma CD, daga nan masu turi a bakin titi suka gaje kasuwar, a cika maka memori da fina-finai a kuɗin da bai kai na kwanon abinci ba, mai fim ko sisi. YouTube ne ya dawo da numfashin, shi ya sa kowa ya koma fim mai dogon zango, kashi-kashi duk mako. Amma idan kiɗa ya sauya rawa ma sai ta sauya: labarin da zai ƙare a awa biyu yanzu sai an ja shi shekara, jarumi kuma yawan mabiyansa ake dubawa kafin iyawarsa. Marubuta mata da a da sai sun kai littafi kasuwa, yanzu daga ɗaki suke sayar da labari shafi-shafi a guruf, a biya ta banki a saka ki. Ƙanwata turaren wuta da humra take sayarwa, ba ta da shago ko na tebur, hoton da take ɗorawa a WhatsApp ne shagonta, kuma har Abuja take aika kaya ta tasha. Ka ce mata waya fitina ce, sai ta ce: "Yaya, fitinar ce ke biyan kuɗin makarantar 'ya'yanka idan albashi ya yi jinkiri." Ba ni da amsa, don gaskiya ta faɗa.

'Yan siyasa ba su ƙirƙiro komai ba, sun tarar da kasuwa tana ci suka kafa rumfa. Sojojin baka tun a rediyo muka san su, musamman na Kano. Na waya 'yan data ake ce musu, sunan kuma ya faɗi albashin. Yadda aikin yake ba ɓoyayye ba ne: akwai guruf, akwai mai kula da shi, da safe a sauke maganar da za a yi yau da hoton da za a ɗora, kafin azahar mutum hamsin sun rubuta abu ɗaya har da kuskuren rubutu iri ɗaya. Kai da ke gefe sai ka ɗauka gari ne ya yi ittifaƙi. Wanda ya fi iya cin mutunci shi ake yi wa alƙawarin muƙamin mataimaki kan kafafen sada zumunta idan an ci zaɓe. Na san yara masu hankali da tarbiyya da ke wannan aiki, kuma idan ka zauna da su za su gaya maka ba su yarda da rabin abin da suke rubutawa ba. Abin da ke ba ni tsoro ba ƙaryar ba ce, saba wa kai da ita tun ana ƙuruciya.

Ƙarfin abin ya kai a Disambar 2018 sai da Shugaba Muhammadu Buhari, yana ziyara a Poland, ya buɗe baki ya ce shi ne shi, ba wani Jibrin daga Sudan da aka sauya shi da shi ba. Shugaban ƙasa guda yana rantsuwar cewa bai mutu ba.

To shin waya ce ke cin zaɓe? Zaɓen 25 ga Fabrairun 2023 ya kunyata ɓangarori biyu a lokaci guda. Waɗanda suka ce magoya bayan Peter Obi 'yan surutun intanet ne kawai, marasa rumfa, sun wayi gari ya samu ƙuri'a miliyan 6.1, ya lashe Legas da Abuja da nan Filato. Waɗanda kuma suka ɗauka abin da suke gani a wayarsu shi ne Najeriya, har suka fara ɗinkin bikin rantsarwa, sun ga Bola Tinubu ya tashi da miliyan 8.79, Atiku Abubakar da miliyan 6.98. Rabiu Kwankwaso, wanda jar hularsa ta cika Facebook ɗin Hausa, ya samu kusan miliyan ɗaya da rabi, kaso mafi tsoka daga Kano. Cikin mutum sama da miliyan 93 da suka yi rajista, kimanin miliyan 25 ne suka fito. Kowa tagarsa ta nuna masa cewa su ne suka fi yawa, domin na'ura ta daɗe da gane abin da yake so ya gani. Shi ya sa da sakamako ya fito, mutane da yawa ba su iya haɗiye shi ba. Gazawar INEC wajen ɗora sakamakon shugaban ƙasa a shafinta na IReV a kan lokaci, bayan duk alƙawarin da ta yi, ta zuba wa wutar fetur.

Amma tagar nan takan nuna wani abin ma. A zanga-zangar tsadar rayuwa ta farkon Agustan 2024, wadda a waya aka shirya ta, an ga Musulmi suna sallar Juma'a a kan titi a mahaɗar tsohon filin jirgi, Kiristoci sun kewaye su suna gadi. A Jos fa. Hoton ya zagaya ƙasa, kuma na ga dattawan da suka yi ƙwalla. Kwana biyu bayan nan ɓata-gari suka fasa shaguna a wajen titin Bauchi, gwamnatin Caleb Mutfwang ta sa dokar hana fita. Waya ɗaya ce ta ɗauki hotunan biyu.

Maganin da hukuma ta sani guda ne, toshewa da kamu. A 2019 an kai ƙudurori biyu majalisar dattawa, na Sanata Mohammed Sani Musa kan kafafen sada zumunta, da na Sanata Aliyu Sabi Abdullahi kan kalaman ƙiyayya wanda har hukuncin rataya ya ambata. Jama'a suka yi ca, duka biyun ba su zama doka ba. Ranar 4 ga Yunin 2021 gwamnati ta dakatar da Twitter bayan ya goge wani rubutu na Buhari, sanarwar ma a Twitter ɗin aka ɗora ta. Sai 13 ga Janairun 2022 aka buɗe, ribar da aka samu ita ce yara sun koyi amfani da VPN, manhajar zagaye toshewa, kotun ECOWAS kuma ta ce matakin ya saɓa doka. A Satumban 2021 aka kashe sabis gaba ɗaya a Zamfara don a karya 'yan bindiga, talaka ya koma shiga mota zuwa wata jiha don ya gaida ɗan uwansa ko ya karɓi kuɗi, 'yan bindigar kuma suna nan. Sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015, wanda aka yi wa gyara a 2024, an fi jin amonsa a kan 'yan jarida da matasan da suka taɓa mai mulki. A Nuwamban 2022 wata kotu a Kano ta sa aka yi wa wasu 'yan TikTok biyu bulala ashirin-ashirin saboda sun yi wa gwamna shaguɓe. Ni dai na fi jin labarin kamun wanda ya zagi babba a kan na wanda ya ɗora tsohon hoton gawa ya ce yau aka yi. Na farko mutum ɗaya ya ɓata wa rai, na biyu gari zai iya ƙonawa.

A teburin mai shayinmu ra'ayi ya kasu, kuma kowa daga inda takalmi ke matsa masa yake magana. Masu shago ba sa son jin an zagi waya tun wahalar canjin kuɗi ta farkon 2023, lokacin da takardar naira ta ɓace, mai shayin kansa ya manna lambar asusunsa a jikin tebur, har yau kuma ba ta sauka ba. Matasan mainin, wato masu dannar allon waya don tara kuɗin intanet na kirifto, suna da nasu ciwon. Wata manhajar mainin mai suna Notcoin ta fara biya a Mayun 2024, wasu suka samu abin da suka samu, sai gari ya rikice, tela ya aje keke yana dannar allo, dattijo da furfura yana tambayar jikansa yadda ake haɗa walet, wato asusun ajiyar kuɗin. Wata irinta mai suna Hamster ta zo a Satumba ta ba mutane abin da bai biya kuɗin caji ba. CBEX, wani dandalin zuba kuɗi mai alƙawarin ninka riba, ta rufe da dukiyar jama'a a Afrilun 2025, kamar yadda irinta MMM ta yi a Disambar 2016, kuma cikin waɗanda ta biyun ta cinye har da waɗanda ta farkon ta taɓa cinyewa. A Janairun 2025 hukumar sadarwa ta NCC ta amince a ƙara kuɗin kira da data da kashi 50 cikin 100, aka yi ta tsinuwa a Facebook, da datar da aka saya a sabon farashi.

Kawuna yana cikin masu cewa waya ta gama da tarbiyya, kuma ba ya rabuwa da tasa, don a ciki yake jin tafsiri. Kwanan baya ya kira ni gefe bayan la'asar, ya miƙo mini ita. Wani ɗan bidiyo ne na malamin da yake zuwa karatunsa shekara da shekaru, yana tallar wani maganin ciwon suga, har da lambar da za a kira.

"Ɗana, duba mini. Muryarsa ce, fuskarsa ce, amma Malam ba ya irin wannan magana."

Na kalla sau uku. Na yi masa bayanin ƙirƙirarriyar basira, cewa yanzu na'ura kan saurari muryar mutum na ɗan lokaci ta kwaikwaye ta, ta motsa leɓensa a hoto ya faɗi abin da bai taɓa faɗa ba. Na ce akan gane wani lokaci idan baki da murya ba su tafiya tare, ko idan Hausar ta fito a miƙe ba hawa ba sauka. Ya ce to wannan fa? Na ce wallahi Kawu, leɓen ya ɗan yi mini nauyi, amma ba zan rantse ba.

Ya karɓi wayarsa, ya goge allon da bakin riga, ya jefa a aljihu.

"Bar shi kawai. Gobe akwai karatu bayan magariba, zan tambaye shi da bakina."